Inda Bobboi Ba Ya Kallo

In ka tambayi mutanen unguwar Yelwa a Mubi wane ne Malam Bobboi, za su ce maka rafali ne mai baƙin ciki, wanda ba ya ƙaunar ya ga yaran unguwarsu sun ɗaga kofi. In ka gangara Wuro Gude kuwa, rantsuwa za su yi maka cewa ɗan Yelwa ne har cikin ɓargo, alhali kowa ya san gidansa a Shuware yake. Masu keke da ke jiran fasinja a bakin tasha sun ce ya taɓa ba ƙanin limamin masallacinsu jan kati, ya kuma je ya bi limamin sallar magariba a ranar kamar ba abin da ya faru. Makiyayan da ke sayen maganin shanu a shagonsa ba ruwansu da ƙwallo. Su abin da suka sani, mutum ne mai kunya, irin kunyar da ta yi tsada a wannan zamani. Matarsa Hajaratu cewa take yi maganarsa rijiyar rani ce, sai ka zura guga ka zauna jira.

Duk cikin masu zagi da masu yabo babu wanda ya san cewa saurayin da ke sa riga mai lamba tara a ƙungiyar Taurarin Yelwa ɗansa ne na fari. Mubashshir sunansa. Tun da aka yaye shi aka kai shi garin Uba wurin Hammanjoda, yayan Bobboi, kamar yadda ake yi da ɗan fari a danginsu. Can ya tashi. Hammanjoda yake kira Baba, sunan Hammanjoda ne a takardunsa na makaranta, shi kuwa Bobboi sai ya ce masa Bappa, wato ƙanin uba. Bobboi bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In magana ta kama dole sai ya ce “yaron Hamma”. Haka mahaifinsu ya yi da nasa ɗan farin, haka kakansu ya yi, ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki.

Bara ne Mubashshir ya zo Mubi karatu, ya kama ɗaki da abokansa a Yelwa. Ranar Juma’a yakan zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin zaure, Bobboi ya amsa masa yana kallon tabarma. Da damina ta kama sai Bobboi ya kwashe buhunan kanwa daga ɗakin da ke jikin zaure, ya sa aka shafe shi da siminti, aka sa sabuwar ƙofa, shi da kansa ya yi fenti shuɗi. Bai ce don wa ba. Hajaratu ce ta aika wa yaron ta bakin maƙwabciya, don ita ma ba ta iya faɗa masa kai tsaye. Amsa ta dawo cewa in an gama gasar unguwanni zai kwaso kayansa. Tun daga ranar Bobboi yakan buɗe ɗakin kowace safiya, wai don warin fenti ya fita.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, Taurarin Yelwa za su kara da Damisar Wuro Gude. Saboda zafin da ke tsakanin unguwannin biyu, kwamitin gasa ya ɗauko rafali daga Michika. Amma an kwana ana ruwa ta can, wani mayo, wato kogi, ya cika ya tare hanya, mutumin bai iso ba. Fili ya cika har kan katangar makaranta. Jibrilla, shugaban kwamitin, ya hango Bobboi a can baya gindin dalbejiya, inda ya saba tsayawa duk ranar da Yelwa ke wasa.

“Malam, ka rufa mana asiri. In na ce wa mutanen nan an ɗage wasa, ɗanye za su cinye ni.”

“A nemi wani.”

“Wa? Ezekiya da ya iya busa yana Yola. Sauran kuwa yara ne, tsawa ɗaya za a yi musu su busa abin da ake so. Kai ɗan Shuware ne. Ba ka da kowa a Yelwa, ba ka da kowa a Wuro Gude. Ko kana da shi?”

Amsar gajeriya ce, har ta zo maƙogwaronsa. Amma a gaban Jibrilla, da masu tuta biyu, da wata mai gyaɗa da ta kasa kunne, yaya mutum zai buɗe baki ya ce wancan ɗana ne, na fari? Ya dubi takalmansa.

“Kawo usur ɗin,” ya ce.

Ba da niyya ya yi abin da ya yi ba. Ido ma yana da tarbiyyar da aka yi masa. Duk inda ƙwallo ta je Bobboi yana biye da ita, yana ganin ja da riga, yana ganin gwiwar hannu, yana ganin satar gida tun kafin mai tuta ya ɗaga. Amma da zarar ta faɗa ƙafar mai lamba tara, sai idonsa ya zame. Ya dubi ciyawa, ko inuwa, ko wani ɗan wasa da ke gudu a gefe. Sai ƙwallon ta bar wurin idon ya dawo.

Ba a jima da farawa ba Yelwa ta sami bugun kwana. Ƙwallo ta sauko cikin cinkoso, Mubashshir ya tare ta da hannu, ta faɗi gabansa, ya sheƙa ta raga. Bai yi gudun murna ba. Ya tsaya cik yana kallon rafali. Bobboi, wanda bai ga komai ba sai raga tana motsi, ya nuna tsakiyar fili.

Ɓangaren Wuro Gude ya ɗauke da ihu. Kalibu mahauci, wanda shi ne bakinsu, ya jefar da jarkar da yake kaɗawa ya haye kan benci.

“Hanbol! Wallahi makaho ma ya gani! Rafali, me suka ba ka? Akuya ne ko buhun masara?”

“Ɓarawo! Ɓarawo!”

“Ku saya masa gilas, jama’a, tsohon ya gama aiki!”

Bobboi ya saba da wannan. Ya ɗauka irin kukan da kowane wanda aka ci yake yi ne.

Adi, ɗan bayan Damisa, ba ya cikin masu ihu. Dogo ne, manomi, mai lura. Ya fara da ɗan taka wa lamba tara dunduniya, ya saurara, bai ji usur ba. Ya sake, wannan karon a ƙauri. Shiru. Da ya tura wani ɗan Yelwa dabam kaɗan kawai, nan take aka busa masa. Sai ya gane akwai wani wuri a filin nan da doka ba ta kaiwa, kuma wurin yana yawo ne tare da yaro ɗaya.

Yanzu kuma ihun ya koma ɗaya gefen. Timothy, kocin Yelwa, malamin firamare ne da ba a san shi da ɗaga murya ba, amma ranar har hularsa ta faɗi.

“Raf! Wannan ƙwallo ne ko sassabe? Kana gani ana sare min yaro!”

“An saye shi a hutun nan!” wani ya ce, ko da yake ba a je hutu ba tukuna.

“Kalibu ya yi masa alkawarin cinya!”

Kalibu ya ji, ya juyo. “Cinyar gidanku! Wanda ya ba ku gol na hannu ni zan ba nama?”

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Mubashshir ya biyo ta kusa da shi yana ɗingishi, safarsa ta jiƙe da jini.

“Raf,” ya ce a hankali, “ka duba ƙafata.”

Bobboi ya dubi agogonsa. Ya yafito kyaftin ɗin Yelwa ya ce, “Gaya wa ɗan wasanka ya koma wurin kocinsu.”

Bayan an dawo Damisa ta rama, ƙwallo mai tsabta da ba wanda ya yi gardama a kanta. Wasa ya yi zafi. Can aka zura wa Mubashshir wata doguwa, ya wuce mutum biyu ya shiga da’irar gola. Bobboi ya juya yana duban mai tuta ko akwai satar gida. Adi ya taho ta baya da ƙafa biyu. Ƙarar da ta fita har masu zaune kan katanga sun ji ta, kamar an karya busasshen kara. Bobboi ma ya ji. Da ya juyo, ƙwallo tana hannun gola, gola ya wurga ta gaba, shi kuma ya bi ta da gudu kamar yadda ya saba. Damisa ta ci ta biyu, yaron yana kwance yana birgima.

Ba a ƙarasa wasan ba. Mutanen Yelwa suka ɓalle cikin fili. Timothy da wasu samari suka ɗauki Mubashshir suka yi bakin hanya da shi suna kiran mai keke. Bobboi yana tsaye a tsakiya, usur a wuya, bai taka ko ɗaya zuwa wurin ba. ’Yan sintiri suka kewaye shi. Ledar ruwa ta fashe a ƙirjinsa, ɓawon rake ya biyo, sai dutse ya tsaga masa kunne. Wata tsohuwa ta kutsa har gabansa ta watsa masa yatsu biyar.

“Allah ya isa tsakaninmu da kai. Kai ba ka haifa ba ne?”

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. An shafa wa ƙofar kashin shanu. Ya ɗebo ruwa ya wanke. Masu keke da ke wucewa suna danna masa hon suna kiran “Makaho!”, wasu na Yelwa, wasu na Wuro Gude, abin da bai taɓa haɗa su ba sai a kansa. Wajen hantsi Timothy ya zo, bai yi sallama ba.

“Malam Bobboi, ni na ɗauke ka mutumin kirki. Ƙashin ya karye. Yana gidan mai ɗori. Tambaya ɗaya na kawo: yaron nan me ya yi maka?”

“Bai yi mini komai ba.”

“To me ya sa? Kowa ka kare shi a filin nan. Golansu ya faɗi da kansa ka busa. Shi kaɗai ka bari kamar kare marar ubangida.”

“Ban gani ba.”

“Sau nawa ba ka gani ba? Kai da kake ganin ofsayid na ɗan yatsa?”

Bobboi ya ci gaba da jera kwalaben magani. Timothy ya tofar da yawu a bakin ƙofa ya tafi.

Da azahar Hammanjoda ya iso daga garin Uba. Bai biya ta Shuware ba, gidan mai ɗori ya wuce, sannan ya aika a kira masa ƙaninsa. Ƙofar gidan cike take da ’yan Yelwa masu dubiya. Da suka ga Bobboi tafe suka fara gunaguni, wani ya tare hanya, sai da Hammanjoda ya fito da sandarsa. Tsoho ne gajere, kuma ba ya iya magana a hankali.

“Ku bar shi. Bobboi, zo nan. Amanar da ka ba ni tun daga yaye na riƙe, ban taɓa bari ƙaya ta soke shi ba. Na dawo maka da shi da ƙafa biyu. Kai ka haife shi, kai ka tsaya da abin busa a baki aka karya shi.”

Masu dubiya suka dubi juna. Wani ya ce, “Wa ya haifi wa?”

“Hamma,” Bobboi ya ce, “a bar maganar sai mun shiga ciki.”

“Wane ciki? Abin da ya kawo mu nan ke nan, komai sai ciki. Ni ma ina da ɗan fari. Har yau ban kira sunansa ba, ba kuma zan kira ba. Amma ban taɓa karɓar alƙalanci a kansa ba. Da aka miƙo maka abin nan, bakinka ciwo yake yi? Kunya ta hana ka cewa naka ne, ba ta hana ka tsayawa ana sararsa ba?”

Bobboi bai shiga ya ga yaron ba. Ya tsaya a zaure ya tambayi mai ɗori yadda ƙashin yake, ya juya.

Kafin la’asar labari ya gama Mubi. Wanda ya zaci hakan zai sanyaya mutane bai san ’yan ƙwallo ba. A rumfar mahauta Kalibu ya daki teburinsa da wuƙa.

“Ban gaya muku ba? Ɗansa ne! Shi ya sa hanbol ya zama gol! Mu ake ce wa masu surutu. A duba duk wasan da mutumin nan ya taɓa busawa, a dawo mana da hakkinmu.”

“To karayar fa?” wani mai sayen nama ya tambaya.

“Wayo ne. Don kar a gane. Sai dai wayon ya wuce gona da iri.”

A Yelwa kuma cewa ake yi wanda ya sayar da ɗan cikinsa, me zai hana ya sayar da unguwa? Kwamiti ya zauna, aka ce za a sake wasan, aka kuma ce Bobboi ba zai ƙara busa usur a gasar ba. Jibrilla ya zo da saƙon yana ta kame-kame. Bobboi ya ce ba komai, ya ɗauko rigar rafali da katuna ya ba shi. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan.

Abin da ya dame shi Hajaratu ce ta faɗa, da safe, tana tankaɗe ba ta ɗago kai ba. Ita ma ba ta kiran sunan yaron, sai dai ta ce mai sunan Malam.

“Yau za su tafi garin Uba. Mai sunan Malam ya ce a gaya wa ’yan ɗakinsu su haɗa masa kayansa duka. Ya ce karatun ma a can zai nema. Ya ce Mubi ta ishe shi.”

Ta karkaɗe rariyar ta ci gaba.

“Ni ba ni da bakin hana shi. Kai ma ka ce ba ka da shi. To a mayar da kanwar ɗakin, kar damina ta lalata ta a waje.”

Ya fita ya tsaya a ƙofar ɗakin. Warin fenti ya riga ya fita. Ya rufe, ya sa makullin a aljihu, ya kama hanya da ƙafa.

Tashar motocin Uba cike take, kuma rabin masu lodi da masu keken wurin ’yan kallon ƙwallo ne. Tun daga bakin ƙofa aka fara. Wani ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na usur, saura suka ɗauka.

“Ga rafalin gida!”

“A ba shi hanya, ba ya gani!”

Kalibu yana nan, ya zo karɓar awaki da aka aiko masa. Timothy ma yana nan da ’yan wasansa, sun rako. Adi yana can nesa jikin wata mota shi kaɗai, ya zo amma ya kasa matsowa.

An ba Mubashshir kujerar gaba. Ƙafarsa ɗaure da karare da tsumma, an miƙe ta kan jaka. Katifarsa da akwatinsa suna saman mota, yaron mota yana jan igiya. Hammanjoda yana tsaye jikin ƙofa da sandarsa. Bobboi ya zo ya tsaya, idonsa a kan tayar mota.

“Hamma, a gaya masa Allah ya sawwaƙe.”

“Ga shi nan. Kunnensa bai karye ba.”

Mubashshir ne ya yi magana, muryarsa a dushe.

“Bappa, ka ga lokacin da Adi ya shigo?”

“Ban gani ba.”

“Ka ga hannun?”

“Ban gani ba.”

“Da hannu na tare ta. Kowa ya gani. Na tsaya ina jira ka busa. Na ce yau dai dole ka kira ni, ka dube ni, ka ɗaga mini kati. Ko ja ne ina so.” Ya gyara ƙafarsa a kan jakar. “Kowa a filin nan ka hukunta shi. Ni ko laifina bai isa ka kalla ba.”

“Kun ji ko!” Kalibu ya yi tsalle. “Da bakinsa! Hanbol ne!”

“Rufe mana baki, mahauci,” in ji Timothy.

Direba ya shiga ya tayar da mota. Bobboi ya motsa leɓe, wani abu ya fita wanda ƙarar inji ta haɗiye.

“Ba mu ji ba!” wani mai keke ya yi ihu. “Busa da ƙarfi, raf!” Aka kwashe da dariya.

Bobboi ya ɗago kai. Abin ya yi masa nauyi kamar mai ɗaga buhu da wuya. Ya ga goshi irin na mahaifinsu. Ya ga wani tsohon tabo a haɓa wanda bai san yaushe aka yi shi ba, bai san ma akwai shi ba. Ya ga idanu jajaye suna kallonsa, kuma bai kawar da nasa ba. Hammanjoda ya ɗaga sanda ya dafa igiyar da ke ɗaure da katifa, yaron mota ya dakata da ja. Dariyar ta mutu da kaɗan-kaɗan.

Ya zaro makullin daga aljihu ya ɗora a gaban mota, kusa da hannun yaron. Sannan ya yi magana da irin muryar da yake tsayar da wasa da ita, yadda har Adi can nesa ya ji.

“Mubashshir. Ni na ƙi kallo, ni na karya ka. Ɗana, ka yafe mini.”